Digirin Zane da Bangon Nima

Wanda ya taɓa bin babban titin Nima da ƙafa, daga shataletale har ya kai Mamobi, ya san unguwar nan ba ta rasa masu zane ba. A ƙofar mai aski akwai allo ɗauke da kawunan samari, kowanne da irin askinsa. A gaban mai sayar da shinkafa da wake an zana tukunya tana tururi. A bayan motocin haya an rubuta addu'a ko habaici da baƙaƙe masu lanƙwasa. A bangon makarantar yara ga zuciya da huhu da taswirar Gana. Yawancin waɗanda suka yi wannan aiki a shago suka koya, a hannun maigida, suna wanke buroshi suna dama fenti wata da watanni kafin a yarda su ja layi ɗaya.

Saboda haka in yaro ya gama sakandare ya ce wa mahaifinsa, "Baba, ina so in tafi Kumasi in yi digiri a kan zane," ba abin mamaki ba ne uban ya dube shi ya ce, "Kai yaro, abin da ake koya a shagon bayan gidan nan, shi za ka je jami'a ka zauna shekara huɗu a kansa? Wa zai taimake ni da ƙannenka?" Tambayar uban tana da nauyi, ba ta dariya ba ce, ba kuwa za a amsa ta da daɗin baki ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Hanyar da ta fi gaskiya ita ce a dubi ayyukan waɗanda suka yi karatun, a jera su kusa da ayyukan waɗanda suka bi wata hanya, a ga abin da kowanne ya samu da abin da ya rasa.

Nima da maƙwabciyarta Mamobi zango ne a cikin Akra, birnin da tsofaffin fatake suke kira Ankara. Nima ta fara kafuwa a shekarun 1930, ana kuma danganta kafuwarta da Malam Futa. Mutane sun taru a cikinta daga arewacin Gana, da Nijeriya, da Nijar, da Togo, da Burkina Faso, da Mali, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da tsakar gida. Mafi yawansu Musulmi ne, amma akwai Kirista a tsakaninsu, suna zama bango ɗaya, suna ɗibar ruwa a famfo ɗaya. A irin wannan wuri, kuɗin makarantar yaro ɗaya gumin gida duka ne.

Inda karatun ya fito

Koyar da zane a makaranta ya kafu sosai a Gana ta wurin makarantar Achimota, wadda aka buɗe a 1927. A can Kofi Antubam ya yi karatu, shi ne wanda daga baya ya tsara kujerar mulki da waɗansu kayan alfarma na sabuwar ƙasa a zamanin Kwame Nkrumah. A 1952 aka ɗauke sashen zane daga Achimota aka kai shi Kumasi, cikin sabuwar kwalejin fasaha, wadda ta zama jami'a a 1961, ita ce yau take ɗauke da sunan Nkrumah. A cikinta akwai Sashen Zane da Sassaƙa, inda ake yin digirin farko a shekara huɗu. Mai karatu na Nijeriya zai tuna da takwaransa na Zariya, inda a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya domin su haɗa abin da Turawa suke koya musu da abin da suka gada a gida.

A irin wannan karatu ɗalibi yakan fara da fensir da gawayi. A ajiye masa tulu ko kujera ko mutum, ya zauna sa'o'i yana auna tsawo da faɗi da ido. Ya koyi yadda ƙashi da tsoka suke a ƙarƙashin fata, da yadda abin da yake nesa yake ƙanƙancewa, da yadda launi yake canja hali idan an sa wani launi kusa da shi. Ya gwada fentin ruwa da fentin mai. Ya karanta tarihin masu zane na ƙasarsa da na duniya. Sa'an nan akwai abin da babu shi a shago: ranar da zai jingina aikinsa a bango, malamai da 'yan ajinsa su kewaye shi suna tambayarsa dalilin kowane abu da ya yi. A shekarar ƙarshe ya rubuta kundi, ya kuma fitar da aikinsa a bainar jama'a.

Kasuwa daga sama

Wanda yake so ya ga tsohuwar koyarwar Kumasi a kan ganiyarta, sai ya dubi aikin Ablade Glover. An haife shi a Akra a 1934, ya koyar a Kwalejin Zane ta Kumasi har 1994, ya kuma shugabance ta. Ba da buroshi yake yawan aiki ba, da 'yar wuƙa yake ɗibar fentin mai yana dasa shi a kan ƙyalle, curi bayan curi. In mutum ya tsaya kusa, ba ya ganin komai sai tarin ja da rawaya da shuɗi. In ya ja da baya taku biyar, sai kasuwa ta bayyana, ko tashar mota, ko rufin kwano jere har iyakar gani. Ya kuma zana sahun masallata sun sunkuya gaba ɗaya, abin da duk mazaunin Nima yake gani kowace Juma'a.

Ƙarfin wannan aiki shi ne ya nuna akwai tsari a cikin abin da baƙo yake ɗauka hargitsi ne. Wanda ya san kasuwar Nima ranar Laraba ya san cewa masu albasa suna da wurinsu, masu hatsi suna da nasu, kowa kuma ya san ta inda zai bi. Glover ya ga wannan, ya kuma sa wanda bai taɓa zuwa ba ya gani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a samunsa sai da shekaru na horon ido.

Amma a mafi yawan waɗannan hotuna na taro, mai kallo yana tsaye ne a sama, kamar wanda ya hau bene yana leƙen ƙasa. Mutane suna da yawa, fuska kuwa babu. Ga unguwar da mutanen waje suka saba gani kamar tarin kwano da cunkoso kawai, wannan irin kallo yana iya ƙara tabbatar musu da abin da suka riga suka zata. Abin ya fi muni a hannun masu kwaikwayo, waɗanda suka ɗauki kasuwa da makaɗa da mata masu tulu a ka suka mai da su kayan sayar wa baƙi a ƙofar otal. Malaman Kumasi da kansu sun zo sun yi kuka da wannan, cewa ɗalibi yana fita da hannu mai kyau, amma ba shi da abin faɗi sai abin da mai saye yake so ya ji.

Buhun gawayi

Daga 2003 wani malami a sashen, Karikacha Seidou, ya soma canja yadda ake koyarwa. Ya riƙa tura ɗalibai cikin gari su nemi kayan aikinsu da wurin nuna shi, a kasuwa, ko gareji, ko tashar jirgin ƙasa, maimakon su tsaya ga ƙyalle mai kusurwa huɗu. Burinsa shi ne aikin zane ya fita daga zama haja kawai, ya zama abin da ake rabawa da jama'a. Daga wannan yunƙuri aka kafa ƙungiyar blaxTARLINES a 2015. A shekarar nan ɗaliban ajin ƙarshe suka kawo ayyukansu Akra, cikin Gidan Adana Kayan Kimiyya da Fasaha, ginin da aka fara tun zamanin Nkrumah aka bar shi shekaru da yawa ba a gama ba. Ma'anar sunan da suka ba nunin ita ce, dole rigar jami'a ta shiga gari.

Wanda ya fi shahara cikin 'ya'yan wannan koyarwa shi ne Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a Tamale a 1987. Ya karɓi digirin farko a kan zane a Kumasi a 2010, na biyu kuma a 2013. Abin mamaki, duniya ba ta san shi da fenti ba, da buhun algarara ta san shi. Irin buhunan nan a Indiya da Bangaladash ake saƙa su, a kawo su Gana domin a zuba koko, wato wanda ake yin cakulan da shi. In sun gama wannan aiki sai su faɗa hannun 'yan kasuwa, a zuba masara ko shinkafa, a ƙarshe su koma na gawayi. Kowane mai shi yakan rubuta sunansa ko alamarsa a jiki. Mahama yakan ba da sababbi ya karɓi tsofaffi, a ɗinke su wuri ɗaya da hannu, ya lulluɓe manyan gine-gine da su. Ya yi haka a babban nunin Benis na ƙasar Italiya a 2015, ya kuma lulluɓe Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a Akra a 2016.

Mai gaggawa zai ce wannan ba zane ba ne. Amma wanda ya duba da kyau zai ga idon mai zane a ciki: yadda ruwan ƙasa yake bin baƙi, yadda faci yake amsa faci, yadda rubutun shuɗi ko ja yake tsinkawa a tsakiyar duhu. Sai dai launin ba daga gwangwani ya fito ba, daga gumi da ƙura da gawayi ya fito. Da yawa cikin matan da suka yi ɗinkin 'yan ci-rani ne daga arewa, irin waɗanda ake kira kayaye, sunan da rabinsa Hausa ne, wato kaya. Waɗannan su ne mutanen da suke kwana a zango-zangon Akra, su ne kuma Glover ya zana daga nesa. Mahama ya kawo abin da suka taɓa da hannunsu ya ɗora a kan ginin da da yawansu ba su taɓa shiga ba. A nan aka ga amfanin jami'a a fili. Shago zai koya wa yaro ya zana buhu har ya yi kama da buhu. Tambayar inda buhun ya fito, da wanda ya ɗauke shi, da wanda ya ci ribarsa, a aji ake koyon yinta.

Duk da haka akwai abu biyu da ya kamata a faɗa. Na fari, bayanin irin wannan aiki yawanci da Turancin manyan malamai ake rubuta shi, wanda ko mai sakandare sai ya yi da gaske. Mai gawayin Mamobi za ta ga buhunta ta gane shi, amma maganar da ake yi a kansa ba a yi ta da harshenta ba. Muddin haka ne, rigar jami'a ta shiga gari, amma bakinta bai shiga ba. Na biyu, hanyar tana da sauƙin kwaikwayo ga rago. Ɗalibin da bai iya zana hannun mutum ba yana iya tara tsummoki da gwangwanaye ya ce tunani ne. Mahama kansa ya amsa wani ɓangare na zargin da aiki, gama ya koma Tamale da abin da ya samu, ya buɗe cibiyar zane a 2019, ya ƙara da wani babban wurin aiki a 2020, inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama suka zama azuzuwan yara. Ba kowane mai lulluɓe gini ne zai yi haka ba.

Fuska da farashi

Akwai wata hanya da ba ta bi ta Kumasi ba. A Akra an yi Kwalejin Ghanatta, wadda aka kafa a 1969, yanzu kuwa ta rufe. Ba jami'a ba ce, makarantar koyon aikin hannu ce, kuma an san ta da horar da yara su zana mutum ya fito sak. A can Amoako Boafo ya yi karatu kafin ya wuce Biyana ta ƙasar Ostiriya, haka kuma Otis Quaicoe, da Kwesi Botchway, wanda aka haifa a Nima a 1994.

Aikin Botchway kishiyar na Glover ne. Mutum ɗaya ne ko biyu, sun cika ƙyallen, suna duban mai kallo ido cikin ido. Fatar baƙa ce ƙwarai, amma in an matsa kusa sai a ga shunayya tana motsi a cikinta, an dasa ta da ƙananan taɓi, idanun kuwa sau da yawa suna da ja ko ruwan lemo kamar garwashi. Tufafin masu haske ne, zaman kuma na mai ji da kansa. Wanda ya girma a unguwar da ake ambatonta da talauci da laifi kaɗai zai gane abin da ake nufi: ga mutum, ka dube shi, shi ma yana dubanka. Boafo kuwa da yatsunsa yake shafa fentin fata, har a ga sawun yatsan a fuska da hannu, sauran hoton kuma a bar shi a sarari.

Wannan aiki yana da abin da na Mahama ya rasa, wato kowa yana iya karanta shi. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta tsaya a gabansa ta ce ya yi kama da ɗan wance. Haɗarinsa daga kasuwa yake zuwa. A watan Fabrairu na 2020 aka yi gwanjon wani hoton Boafo a Landan, wanda ya zana shekara ɗaya kafin nan, aka saye shi fam 675,000, fiye da ninki goma na abin da aka ƙiyasta. Labarin ya bazu, samari da yawa suka koma zana baƙar fuska a gaban launi mai haske, ba don sun ga wani abu a fuskar ba, sai don sun ji ana saye. Ya kamata kuma iyaye su sani cewa a wurin gwanjo, mai hoton ne yake karɓar kuɗin, wato wanda ya riga ya saya da araha, ba lalle wanda ya zana ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In kuma masu saye suka gaji da salo ɗaya, wanda ba shi da komai sai salon nan shi ne zai fara zama. Abin lura ne cewa Boafo da Botchway duka biyu sun ƙara karatu a Turai bayan Ghanatta, duka biyu kuma sun buɗe wuraren aiki a Akra domin na baya. Hannu kaɗai bai ishe su ba.

Bango

Hanya ta uku tana cikin Nima kanta. Fiye da shekara goma da suka wuce waɗansu masu zane na unguwar suka haɗu suka kafa ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art. Kalmar tsakiya Hausa ce, muhimmanci, an rubuta ta yadda bakin zango yake faɗinta. Sun koya wa yara zane, sun kuma yi wa bangaye ado a cikin unguwa. Mohammed Awudu, wanda aka fi sani da Moh Awudu, shi ma ɗan Nima ne, an san shi da manyan hotuna a bango, har da na bikin zanen titi na Chale Wote da ake yi a Akra tun 2011.

Bango yana da gaskiyar da ɗakin nuni ba shi da ita. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a sa takalmi mai kyau kafin a gan shi. Mai talla da ɗan makaranta da limami da fasto duk suna wucewa ta gabansa, in kuwa bai yi musu ba za su faɗa a ranar. Amma bango yana da rauninsa. Rana da ruwan sama suna cinye shi, mai gida yana iya rushe shi, ɗan siyasa yana iya manna takardarsa a kai. Yawanci kuma wani ne yake sayen fentin, shi ne kuwa yake zaɓen saƙon: a wanke hannu, a zauna lafiya, a daina zuba shara a kwata. Saƙonni ne masu kyau, amma mai zanen da ya saba da su kaɗai yana iya zama mai shela, ya manta cewa shi ma yana da abin da ya gani. Ga shi kuma injin buga hoto ya cinye kasuwar masu allon shago, gama mai aski yanzu yakan je a buga masa hoto a leda cikin sa'a ɗaya.

Marigayi Atta Kwami, wanda ya koyar da zane a Kumasi shekaru da yawa, ya rubuta littafi a kan masu zanen birnin, aka buga shi a 2013. A ciki ya nuna cewa 'yan jami'a da 'yan shago ba su taɓa rabuwa sarai ba, kowane ɓangare yana ɗiba daga ɗayan. Wannan ya dace da abin da ido yake gani a Nima.

Damuwa biyu na iyaye

Ban da kuɗi, akwai damuwar siffa. Malamai da yawa na Musulunci suna ƙyamar zana abu mai rai, waɗansu Kirista kuma suna tsoron kada hoto ya zama gunki. Ba a raina wannan damuwa. Amma a Littafin Fitowa, sura 31, an ba da labarin Bezalel wanda Allah ya ba gwanintar aikin hannu domin alfarwa, a sura 32 kuma ga ɗan maraƙin zinariya. Gwaninta iri ɗaya ce, abin da aka yi da ita ne ya bambanta. Onobrakpeya na Zariya ya zana tashoshin hanyar gicciye domin wata majami'a a Legas, da mutane cikin kamanni da tufafi na ƙasarsa. Wanda kuma lamirinsa bai ba shi ya zana mutum ba, ƙofa ba ta rufe masa ba. Zayyanar allo, da aska takwas a wuyan riga, da adon bangon gidajen Zariya da Kano duk ilimin layi da launi ne, digirin yau kuma yana da wurinsu.

Game da abinci kuwa, gaskiya ita ce kaɗan ne ƙwarai suke rayuwa da sayar da hoto kaɗai, a Gana ko a ko'ina. Sauran suna koyarwa, ko su yi wa littattafai hotuna, ko su tsara talla da yadi, ko su yi aiki a gidajen nuni irin su Gallery 1957 da aka buɗe a Akra a 2016. Takardar digiri tana buɗe ƙofar aikin malanta da ta ƙarin karatu, abin da shago ba ya iya yi. Uban da aka yi wa alkawarin fam dubu ɗari shida an ruɗe shi. Wanda aka ce masa ɗansa zai iya riƙe kansa kamar kowane malamin makaranta, in ya yi haƙuri, an gaya masa abin da ya fi kusa da gaskiya.

Abin da awo ya nuna

In an jera ayyukan nan, abu ɗaya yana fitowa. Zango ya daɗe yana ba masu zane kaya: taronsa, da sallarsa, da buhunansa, da fuskokinsa. Abin da ya rage shi ne 'ya'yansa su yawaita a cikin ɗakin da ake yanke shawarar ma'anar waɗannan abubuwa, inda ake rubuta kundi, ake zaɓen abin da za a nuna, ake horar da malaman gobe. Wannan ɗaki a jami'a yake. Saboda haka amsar tambayar uban ita ce, karatun ya cancanci shekara huɗu, amma ba domin a koyi abin da shago yake koyarwa ba.

Akwai sharuɗɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya: yaron da yake da wannan niyya ya ɗauki darasin zane tun a sakandare, ya kuma zauna a shagon wani maigida lokacin hutu, domin ya shiga jami'a da hannun da ya riga ya faɗa. Wanda ya je da hannu, in an ce masa ya ajiye buroshi ya ɗauki buhu, zai yi haka da sani, ba don ya ɓoye kasawa ba. Ya kuma riƙe Hausarsa. Duk abin da ya rubuta da Turanci a kan aikinsa, ya gwada faɗinsa ga mahaifiyarsa a tsakar gida. In maganar ta ƙi shiga Hausa, mai yiwuwa babu komai a cikinta.

Jama'a ma suna da nasu rabo. Ikilisiya ko makarantar da take da bango fari tana iya ba ɗalibin unguwa shi lokacin hutu, ta saya masa fenti, ta biya shi ladan aikinsa kamar yadda take biyan magini da kafinta, ta kuma bar shi ya zana abin da ya gani, ba abin da kwamiti ya rubuta masa kaɗai ba. In ya gama shekara huɗu, kafin aikinsa ya haye teku, ya fara jingina shi a Nima ranar Laraba, inda mai albasa da mai gawayi da mahaifinsa za su tsaya su duba, ya kuma tsaya a wurin ya amsa tambayoyinsu yadda ya amsa na malamansa a Kumasi.